Shekarar da Aka Ce Babanku Ya Koma Bayahude

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin tashinmu daga Bronx, ke Nafisa da kai Bashir, har da Auta da ba ta yi wayo ba a lokacin. Kuna cewa babanku mutum ne mai taurin kai, ya fi son littafi a kan mutane, ya ɓata da kowa a masallaci, ya kwashe ku ya raba ku da 'yan'uwanku. Da yana raye ban tanka ba, saboda shi ya hana ni. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ni ma jiki ya fara gaya mini gaskiya, don haka zan rubuta abin da idona ya gani. Da Hausa zan rubuta, don da ita abin ya faru. In ta yi muku nauyi, ku nemi mai karanta muku.

Malam Hadi, babanku, ɗan gidan malamai ne a cikin birnin Kano. Larabci ya buɗe ido ya tarar a zauren mahaifinsa, ya yi sauka, ya karanci nahawu, sannan ya shiga jami'a ya ƙara. A can wani malaminsu ya nuna musu cewa Larabci ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa, kuma masana suna kiran dangin gaba ɗaya harsunan Samiyawa, da sunan Samu ɗan Annabi Nuhu. Tun daga ranar abin ya shiga ransa bai sake fita ba. Shi ya kawo shi New York, inda wata jami'a ta ɗauki nauyinsa ya yi digirin dakta a kai, ni kuma na biyo shi da Nafisa a hannu, Bashir a goye. Yayana Ilu, kawunku, ya riga mu zuwa da shekaru. Yana sayar da jakunkuna da agoguna a Canal Street, kuma shi ya samar mana gida a unguwar Morrisania cikin Bronx, gini ɗaya da nasa, mu a hawa na biyu, shi a na uku. Ba zan ci haƙƙinsa ba: katifar da muka fara kwana a kai tasa ce, rigunan sanyin da kuka fara sawa na 'ya'yansa ne. Shi ya haɗa ni da sana'a kuma. Nakan yi waina da tuwon shinkafa da miyar taushe in zuba a robobi, ya tafi da su ya raba wa 'yan'uwanmu masu kasa kaya a bakin titi, 'yan Nijar da 'yan Gana da namu. Abin da jami'a ke ba babanku ba ya wuce haya. Tukunyata ce take ciyar da mu.

Ginin nan unguwa ce guda a tsaye. Ƙofofi ba sa rufuwa da rana. Hajiya Mariyama 'yar Damagaram tana ƙasa, ita ta karɓi rabin jariran ginin a hannunta kafin a kai su asibiti ko bayan an dawo da su. Ku yara kuna hawa kuna sauka, ku ci nan ku sha ruwa can. A makaranta Turanci kuke yi, amma a matattakala Hausa ce a bakinku, har kuna kwaikwayon ta 'yan Gana kuna dariya. Nafisa, ke da Safiya 'yar kawunku ba a raba ku, kitso iri ɗaya nake muku.

Teburin kicin ɗinmu rabi nawa ne rabi na Malam. Ina yanka albasa a wannan gefe, shi yana can gefe da hotunan wasu 'yan ɓarayen yumɓu masu zane kamar sawun kaji. Ya ce rubutu ne, na mutanen da suka zauna a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, fiye da shekara dubu biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Akkadiyanci ake kiran harshensu, kuma da tsinken kara suke dannawa a ɗanyen yumɓu su shanya. Na zaci addu'o'i ne ko tarihin sarakuna. Sai ya karanta mini ɗaya, ashe wata mata ce take yi wa mijinta bafatake ƙorafin ya daɗe a tafiya ya bar ta da yara. Na ce masa to ai ba abin da ya canza. Yakan jera mini kalmomi kamar mai jera ƙwarya. Kare a Larabci kalb, a Ibrananci na Yahudawa keleb, a harshen mutanen yumɓun nan kalbu. Gida baiti, bayit, bitu. Akwai Aramiyanci da Annabi Isa ya yi magana da shi, wanda har yanzu wasu ƙauyuka a Siriya da Iraƙi ke yi. Akwai na Habasha. Akwai na Finikiyawa, 'yan kasuwar teku da suka yaɗa baƙaƙen rubutu a duniya. Duk kaka ɗaya, in ji shi, kakar da ba wanda ya san sunanta, don ba ta bar rubutu ba.

Wata rana na ce masa, to mu fa, ina muke a cikin wannan dangi?

"Mu ba a ɗakin muke ba, amma muna cikin gidan," ya ce. "Ce mini gidanka."

Na ce gidanka.

"Yanzu ce wa mace."

Na ce gidanki.

"Balarabe zai ce baituka, baituki. Ba aro muka yi ba, Rakiya. Ba a aron irin wannan. Mun ari littafi da alƙalami da sabulu daga Larabci, wannan kowa ya sani. Amma ka da ki, da mutu, da suna, waɗannan gado ne. Mutanen yumɓun nan in za su ce mutuwa, mutu suke cewa."

A kan wannan zumunci mai nisa yake rubuta kundinsa. Na ga yadda fuskarsa take in yana wannan magana, kuma ban taɓa ganin ta haka a kan wani abin duniya ba.

Malaminsa a jami'a wani tsoho ne Bayahude, haifaffen Bagadaza, muna ce masa Farfesa Dawud. An fito da shi daga garinsu yana saurayi bai sake komawa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa ba mai jin Larabci, don haka in ya samu babanku sai su yi ta zuba shi kamar 'yan gari ɗaya. Wata Lahadi Malam ya gayyato shi cin abinci. Ya hau benenmu da ƙyar yana dafa bango, da 'yar hularsa a tsakiyar ka. Nama bai ci ba, sai na soya masa kifi, ya ci waina har ya nemi ƙari, ya ɗauki Auta ya yi mata wasa da waƙar Larabci ta rarrashin yara. Hajiya Mariyama ta gan shi a matattakala ta amsa gaisuwarsa. Ba wanda ya ce komai a lokacin. Ashe ajiyewa aka yi.

Ku sani shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Ba a daɗe da faɗuwar dogayen gine-ginen nan biyu ba, kuma kowane Musulmi a garin nan a takure yake. Mata da yawa sun rage girman mayafi. Ana ta raɗe-raɗin cewa a kowane masallaci akwai mai kai rahoto, mutum ya idar da salla yana satar kallon na kusa da shi. Yawancin mutanenmu takardun zamansu ba su cika ba, har da Yaya Ilu, har da ni. Ina faɗa muku wannan ne don ku san tsoron gaskiya ne. Ban faɗa don in wanke kowa ba.

Masallacinmu tsohon shago ne aka shimfiɗa darduma, aka raba maza da mata da labule. Ranar Asabar ana Islamiyya a ciki, babanku ke koyar da Larabci, ba a biyansa ko sisi. A cikin ajin nan Safiya ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko Larabci ne harshe na farko a duniya. Da wani ne sai ya ce e, a wuce wurin. Shi kuwa bai iya yi wa yaro ƙarya don a huta ba. Ya ce mata ba wanda ya san harshen farko sai Allah, amma Larabci yana da 'yan'uwa, kuma an rubuta wasunsu tun kafin a fara rubuta shi. Ya ɗauki alli ya rubuta musu gaisuwa a allo: salam ta Larabawa, shalom ta Yahudawa, shlama ta mutanen Annabi Isa, selam ta Habasha. Ya ce su duba su ga duk kalma ɗaya ce, zaman lafiya. Yara suka ji daɗi, suka fito suna rerawa. Da yamma Yaya Ilu ya dawo daga kasuwa a gajiye, Safiya ta ruga ta buɗe masa ƙofa ta ce, "Shalom, Baba."

Muna ƙasa muka ji ƙarar marin, muka ji kukanta.

Da a nan abin ya tsaya, da faɗan 'yan'uwa ne, a yi fushi a shirya. Amma cikin makon nan aka yi samame a Canal Street aka kama mutum biyu daga cikin masu kasa kaya, duka 'yan masallacinmu, duka masu cin abincina. Ba a jima ba aka mayar da su ƙasarsu, ɗaya ya bar mata da ciki. Sai aka fara haɗa magana. Wa yake da takardu cikakku a cikinmu? Wa yake shiga jami'ar Turawa kullum? Wa ya kawo Bayahude har cikin ginin ya ga ƙofar kowa? Wa yake koya wa yara gaisuwar Yahudawa? Ban ji wanda ya fara ba. Na dai ga robobin abincina sun fara dawowa a cike. Na gai da Hajiya Mariyama a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango.

Aka kira Malam gaban kwamitin masallaci wata Lahadi bayan La'asar. Ni na zauna a bayan labule da Auta a cinya, ba wanda ya kore ni, don ba wanda ya kula da ni. Limaminmu Alhaji Tanko, dattijo ɗan zangon Kumasi, mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya tsayawa a gaban taro. Yaya Ilu ne ya yi magana a madadin iyaye. Ya ce sun ba da 'ya'yansu a koya musu harshen addini, an koya musu na maƙiya. Ya ce akwai kuma abin da ba zai faɗa ba, amma kowa a nan ya san shi.

"Faɗe shi, Yaya Ilu," in ji Malam. "Gara in ji shi a bakinka da in ji shi a matattakala."

Bai faɗa ba. Sai wani daga bayan sahu ya ce ai Malam dai ya san wanda yake ciyar da shi.

Malam ya yi magana a hankali, yadda yake yi a aji. Ya ce Littafinmu da Larabci aka saukar da shi, kuma wannan daraja ba mai ƙwace wa Larabci ita. Ya ce amma Annabi Musa bai yi wa mutanensa wa'azi da Larabci ba, Annabi Isa bai kira mahaifiyarsa da Larabci ba, kuma duk mun yi imani da su. Ya ce Farfesa Dawud malaminsa ne, tsoho ne da aka raba da garinsu kamar yadda neman abinci ya raba mu da namu, kuma bai taɓa tambayar sunan kowa a ginin ba. Ya ce maganar kai rahoto, a kawo Littafi ya dafa. Ba wanda ya tashi ya kawo. Da sun kawo ya rantse, da sai su yarda ko su ƙaryata rantsuwa, kuma ba sa son ko ɗaya.

Liman ya yi gyaran murya ya ce da irin Hausarsu, "Malam Hadi, kai mutum ne na ilimi, amma jama'a ya tsorata. Ka taimake ni. Ran Juma'a ka tashi ka ce ka yi kuskure, Larabci ne uwan harsuna duka, ba shi da ɗan'uwa. Ka bar zuwa wurin tsohon nan. Shi ke nan, magana ya mutu."

"Aji na bar muku, Liman," in ji Malam. "Ku sa wanda kuka yarda da shi. Haƙuri kuma zan ba iyaye a kan na yi wa yara maganar da ta fi shekarunsu. Amma in tsaya a ɗakin Allah ranar Juma'a in faɗi abin da na san ba haka yake ba, wannan ba zan iya ba. Kuma in na faɗa, gobe za ku ce tun da ya amsa wannan, ɗayan ma ya yi."

Ya tashi ya ɗauki takalmansa. Wannan shi ne faɗan da kuka ji an ce ya yi da kowa a masallaci. Ko murya bai ɗaga ba.

Washegari da hantsi, Malam ya tafi jami'a, ku kuna makaranta, Yaya Ilu ya sauko. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin kicin ya ce in haɗa kayana da na yara in hau sama wurinsa, in zauna har mijina ya tuba a gaban jama'a. In ya ƙi, a raba auren.

Na ce, "Yaya, kai ka san bai kai rahoton kowa ba. Matarsa ma ba ta da takardu."

"Ni ban san komai ba," ya ce. "Abin da na sani, a bakin titi nake cin abinci, a tsakiyar mutanen nan. Jiya ba wanda ya tsare mini kaya da na je salla. Ana nuna ni ana cewa ga surukinsa. Ki zaɓa, Rakiya. Ko ni ko shi."

Na dube shi, mutumin da ya goya ni ina yarinya, ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. A fuskarsa na gane bai yarda da zargin ba. Da ya yarda da shi, da na fi samun sauƙin yafe masa. Tsoro ne kawai, kuma ya ga ya fi masa arha ya ba da mijina da ya rasa wurin kasa kayansa. Na ce masa ina ɗakina, ba inda za ni. Ya ce to daga yau ba shi da ƙanwa a Amurka. Ya hau sama. Daga ranar bai sake ɗaukar robar abinci ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya zo ya ɗauka a madadinsa.

Bai tsaya nan ba, ya buga waya Kano. Da na kira Inna, kakarku, a ƙarshen mako, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"An ce mijinki ya koma Bayahude."

Na ce, "Inna, yanzu ya idar da Azahar, ga dardumar ko naɗewa bai yi ba."

"Ilu ba zai yi mini ƙarya ba. An ce har a ɗakinki kike dafa musu. Ki fito da jikokina daga gidan nan."

Na yi mata bayani iya iyawata. Yaya za ki bayyana wa tsohuwa a waya, katin kira yana ƙarewa, cewa akwai wasu mutane da suka yi rubutu a yumɓu, kuma harshensu ɗan'uwan Larabci ne? Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta dai san ɗanta. Bayan nan in na kira sai a ce tana barci. Shekara biyu ba ta cika ba ta rasu. Ban je ba, don in na fita ƙasar nan ba zan iya dawowa gare ku ba. A bakin wata 'yar'uwa na ji cewa har ta bar duniya tana yi mini addu'ar Allah ya dawo da ni musulunci.

Babanku da ya ga halin da nake ciki ya ce mini in na ce ya tashi ran Juma'a ya faɗi abin da Liman ya nema, zai tashi. Wannan ba ku sani ba. Ya zauna a bakin gado ya ce shi zai iya ɗaukar kunyarsa, amma ba zai iya kallon ana raba ni da uwata ba. Ni na ce a'a. Na ce in ya tashi ya faɗi ƙarya don a bar mu mu zauna, to kullum a durƙushe za mu zauna, ku kuma za ku tashi kuna 'ya'yan wanda ya amsa laifi. In akwai wanda ya yanke shawarar tashinmu, ni ce. Kuma ban yi nadama ba, ko da yake na san abin da ta ci.

Ku ma an fara taɓa ku. Bashir, ka dawo wata rana da leɓe a fashe, ka ƙi faɗar abin da aka kira ka. Nafisa, kin hau sama neman Safiya, matar kawunku ta ce ba ta nan, alhali kina jin muryarta a ciki. Kafin sanyi ya shigo muka kwashe. Ba wanda ya kama mana ko kujera. Farfesa Dawud ne ya aiko ɗalibansa biyu suka taya mu saukar da kaya, mutanen ginin suna leƙe ta taga, na san kuma sun ce ga shaida ta fito. Muka haye ruwa zuwa tsibirin Staten Island. Ko a unguwar Tompkinsville ta bakin ruwa ba mu tsaya ba, don can ma akwai shagunan mutanenmu kuma labari ya riga mu isa. Muka nausa can ciki, unguwar da ba mai ce maka sannu.

Sauran kun gani da idonku, sai dai ba ku san dalili ba. Babu tukunya, babu masu saye, ni kuma ba takardun neman aiki. Malam ya fara tuƙa tasi, wai na ɗan lokaci. Yakan tafi da hotunan yumɓunsa ya ajiye a kujerar gefe, ya duba in yana jiran fasinja. A hankali zuwa jami'a ya ragu. Farfesa Dawud ya yi iya ƙoƙarinsa, ya roƙa aka ƙara masa wa'adi, sannan ciwo ya kwantar da shi ya rasu, kuma ba wani malami a wurin da ya damu da alaƙar Hausa da harshen mutanen da. Kundin ya tsaya a inda ya tsaya. Mutumin da yake karanta harsunan da suka mutu shekaru dubbai ya ƙare rayuwarsa yana tambayar mutane ina za a sauke su. Ku kuma Hausa ta zube daga bakinku ina kallo. Ba matattakala, ba sa'o'i, ba suna ba biki. Ina muku magana kuna amsawa da Turanci, har na gaji na bari. Auta ko gaisuwa ba ta iya kaiwa ƙarshe. Shirun da kuka sani na babanku, wanda kuka ɗauka girman kai ne, a shekarar nan ya fara. Da can mai surutu ne, har sai na ce ya bar ni in ji da girkina.

Gaskiya ta fito, ba ta daɗe ba ma. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama ya bugo waya daga Yamai ya gaya wa mutane cewa ba wanda ya nuna su. Samame ne na masu sayar da jabun jakunkuna, aka kwashi duk wanda ke bakin titin, su biyu ne takardunsu suka tona su. Kowa a masallacin ya ji wannan. Liman Tanko ya ji. Yaya Ilu ya ji. Na jira a bugo waya. Na jira Sallah ta zo, na ce ko a nan. Shekaru suka yi ta wucewa, kawunku ya samu takardu, ya buɗe shago, ya je Makka, ya zama shugaban kwamiti. Ba wanda ya haye ruwan nan ya ce Malam, mun zalunce ka. Babanku ya hana ni gaya muku, ya ce kada ku tashi da ƙin danginku, wata rana za ku buƙace su. Da kuka girma kuka nemo su da kanku, kuka ji labarin daga bakinsu, shi kuma ya bar ku a haka.

Ranar da babanku ya rasu kuna nan. Kun ga mutanen Bronx sun cika mota sun zo jana'iza, kun ji daɗi, kun ce ashe ana ƙaunar Baba. Kun ga kawunku a sahun gaba. Ranar uku ya shigo falo da farin gemunsa da carbi, ya zauna a kujerar babanku, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan kun ga na miƙe tsaye muna magana, kun ga ya fita ba sallama, kuka ce na wulaƙanta dattijo a ranar makoki. Hausar ta yi muku sauri, ba ku kama ba. Ga abin da aka faɗa.

Da ya shafa addu'a ya ce, "Rakiya, mu dai mun yafe masa, duniya da lahira. Ki gaya wa yara."

Na ce, "Me ya yi muku, Yaya?"

"Abin da ya wuce ya wuce."

"Faɗa mini laifin, in san abin da aka yafe."

Ya dubi carbinsa. Ya dubi dattawan da suka zo tare, kowa ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ban ɗaga murya ba. Sai ya tashi ya nemi takalmansa. Kai Bashir ka bi shi har mota kana ba shi haƙuri da Turanci a madadina, ina kallonku ta taga.

Ban hana ku zumunci da shi ba. Kawunku ne, jinina ne, kuma Safiya ba ta yi wa kowa laifi ba. Ku je gidansa, ku ci abincinsa, ranar da ta Allah ta kasance ku tsaya a kan gawarsa. Amma in ya sake ce muku ya yafe wa babanku, ku yi masa tambayar da na yi masa, kuma kada ku tashi sai ya amsa.